Ina shan magani kullum, me ya sa har yanzu nake ciwo?

[Hoto: safiya a Aboabo, tela yana buɗe shago]

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba a nan Kumasi, da duk inda kuke kallonmu.

A ce wani tela ne a unguwarku. Wata biyu ke nan da gwaji ya nuna yana ɗauke da HIV, ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki. Bai yi gardama ba, ya karɓi magani, kullum bayan isha'i yana haɗiye ƙwaya ɗaya. Kwatsam sai ga tari, ga zazzaɓin yamma, da dare gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Amininsa, wanda shi kaɗai ya san sirrin, ya ce masa, "Yaya, maganin nan bai karɓe ka ba. Ajiye shi mu nemi na gida."

Aminin nan da zuciya ɗaya ya yi magana, amma irin wannan shawarar ta kai mutane kushewa. Ku zo mu leƙa cikin jikin telan.

[Hoto: zanen bango mai tsaga]

A cikin jini akwai wasu ƙwayoyi da ake kira CD4, su ne ma'aikatan asibiti kan ce wa sojojin jiki. A ɗigon da ake aunawa, mai lafiya yakan samu tsakanin 500 da 1,500. HIV su take ci. Idan suka faɗo ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya yi nisa, ko da mutum yana yawo da ƙafarsa.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ƙadangarun nan ba baƙi ba ne. Suna cikin ƙasa, cikin iska, wasu ma sun shekara goma suna barci a jikinmu, ni da ku, garkuwa ta danne su. Sai ta yi rauni suke ɗago kai. Shi ya sa ake ce musu cututtuka masu fakon dama.

Maganin da yawancin manya ke sha yanzu a Gana, ƙwaya ɗaya ce mai haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Tana da sauri: cikin 'yan watanni takan danne HIV har a kasa ganinta a gwaji. Amma hana rushe bango daban, yaɓe shi daban. Wanda ya fara magani sojojinsa 50 kacal, zai iya kai shekara ko fiye kafin ya haura 200. A wannan tsakanin ne hatsarin ya fi yawa, musamman wata shidan farko.

Tun 2016 Gana ta koma ba kowa magani da zarar an gano cutar, ba sai an jira jiki ya lalace ba. Amma cikin mutum wajen 334,000 da aka ƙiyasta suna ɗauke da ita a ƙasar a 2023, akwai masu zuwa asibiti a makare, akwai kuma waɗanda suka fara, suka ji sauƙi, suka yi tafiyar fatauci Bawku ko Legas suka bar maganin, sai da jiki ya rikice suka dawo. Waɗannan biyun su ne ƙadangare ya fi samu.

[Hoto: ƙurar hunturu a kan titin Kejetia]

Babban cikin ƙadangarun nan shi ne tarin tibi. A duk duniya, babu cutar da ta kai shi kashe masu HIV. Abin da ya sa yake yaudara a nan, da hunturu kowa tari yake yi, sai a ce ƙura ce, a sayi maganin tari a kemis. Abu huɗu ake tambaya duk zuwan da mutum ya yi asibiti: tari, zazzaɓi, gumin dare, da rama. Ɗaya daga ciki ya isa a yi gwaji, ba sai an jira tarin ya yi mako biyu ba. Ana gwada majina da na'urar GeneXpert, wanda kuma jikinsa ya yi rauni sosai akwai gwajin fitsari. Ku sani, a jikin mai HIV tibi ba lallai ya tsaya a huhu ba. Yana fitowa kaluluwa a wuya, yana shiga ciki, yana hawa kai.

Maganinsa wata shida ne, kyauta. Sai dai ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: rifampicin, ɗaya daga magungunan tibi, yana sa hanta ta yi saurin ƙone dolutegravir. Don haka ake ƙara wa mai shan biyun wata ƙwayar dolutegravir, ya sha sau biyu a rana. Idan a wani asibiti kike karɓar na tibi kina ɓoye musu na HIV don kada 'yar unguwa ta gan ki, Hajiya, kin hana su yi miki wannan gyaran. Wanda kuma aka duba ba shi da tibi, akwai na rigakafi: isoniazid na wata shida, ko wani haɗi da ake sha sau ɗaya a mako har wata uku.

[Hoto: tantabaru a kan rufin kwano]

Na biyu shi ne wanda ni ya fi ba ni tsoro, don shiru yake zuwa. Wani irin sanƙarau ne, ba wanda muka sani na lokacin zafi a arewa ba. Wata ƙwaya ce dangin fumfuna, sunanta kiriftokokas, tana zama cikin ƙasa da kashin tsuntsaye, musamman tantabara. An shaƙe ta, ta kwanta, garkuwa na faɗuwa ta hau ƙwaƙwalwa. Farkonsa ciwon kai ne kawai, wanda faracitamol ba ya yi masa komai, yau ya fi jiya. Sai amai, sai gani biyu-biyu, sai mutum ya fara surutai ba kai. A nan ne 'yan uwa kan ce iska ce ko sammu. A yi addu'a, amma a yi ta cikin motar zuwa Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ko asibitin Manhyia. Kwana ɗaya yana da tsada a wannan ciwon.

Daɗin abin, akwai gwajin jini da ke gano shi makonni kafin ciwon kai ya fara. Duk wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa sosai, musamman ƙasa da 100, ya tambaya a yi masa. In an gani, maganin fluconazole ne zai tare shi.

Sauran mu bi su da sauri. Farin abu a harshe kamar dambun nono, har haɗiye tuwo ya zama azaba: yana jin magani. Ƙurajen nan masu zafi da ke bin gefe ɗaya na jiki, waɗanda Asantawa ke kira ananse: ƙwayar ƙarambau ce ta yarinta ta farka, kuma maganin ya fi aiki cikin kwana ukun farko, a daina shafa musu toka. Jijjiga ko shanyewar hannu na iya fitowa daga wata ƙwaya da ke cikin kashin kyanwa da naman da bai gasu ba, don haka a ce wa mai cicinga, wato tsire, ya ƙara masa wuta. Mata kuwa, mai HIV ta ninka wadda ba ta da ita sau shida wajen kamuwa da kansar bakin mahaifa, a je a duba ko ba ciwo.

Sai ƙwayar Septrin da ake haɗa wa mutane, wasu su jefa ta bayan gado suna cewa ƙari ce. Ita ke tare wani mugun ciwon huhu, da wancan na kyanwa, da wasu gudawa, har zazzaɓin sauro tana ragewa. In ta fito maka da ƙuraje, ko baki da ido suka ɗaye, dakatar da ita ka tafi asibiti ranar.

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da farin ruwan nan na gyambon ciki, suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. A sha na HIV awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Da azumi kuwa ƙwaya ɗaya ce, ta shiga tsakanin buɗa-baki da sahur.

[Hoto: telan yana zaune a layin asibiti]

To telanmu fa? Mai yiwuwa tibin yana jikinsa tun kafin ya fara magani, sojojin ba su da ƙarfin ko ɗaga murya. Da suka farfaɗo suka far masa, faɗan nan ne zazzaɓin da gumin. Likitoci sun san wannan, yakan faru a makonnin farko zuwa wata uku, kuma akasari ba a tsayar da maganin HIV saboda shi.

Zai tofa majina a kwalba, a saka a na'ura. In tibi ne, a ba shi na wata shida, a ƙara masa ƙwayar safe, a kuma ce ya kawo maiɗakinsa da yaran shago a duba su. In ya cika wata shida da fara na HIV, a ɗebi jininsa a auna yawan ƙwayar cutar. Ya tambayi lambar, ya rubuta a bayan katinsa.