Tsohon da ya yi zane a kan kwali da saurayin da ya tara masa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayenmu da ke zaune a gaba, barkanku da yamma. Na san an daɗe a zaune, ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan masu zanen da ba su taɓa zama gaban malami ba, da mutanen da ke bin su suna tara aikinsu. Wani Bafaranshe, Jean Dubuffet, shi ya raɗa wa irin wannan aiki suna a 1945, ya ce ɗanyen zane ne, wato wanda makaranta ba ta dafa ba. Ya bi asibitocin masu taɓin hankali yana tarawa, abin da ya tara yana nan a birnin Lausanne na Suwizalan, a gidan da aka buɗe a 1976. To amma yau labarin wani tsoho zan ba ku.

Sunansa Bill Traylor. Bawa aka haife shi, a jihar Alabama ta Amurka, wajen 1853. Aka 'yanta bayi, shi bai bar gona ba, nan ya ƙare ƙarfinsa. Da tsufa ya kama shi ya koma birnin Montgomery, ba gida ba dangi a kusa, yana kwana a bayan shagon masu shirya gawa. Yana da shekara tamanin da 'yan kai ya ɗauki guntun fensir, ya tsinci kwalin da 'yan kasuwa suka yar, ya zauna bakin titi yana zana abin da ya sani: alfadari, kare, maciji, mashayi da kwalbarsa, mata da miji suna cacar baki.

A 1939 wani saurayi farar fata mai zane, Charles Shannon, ya gan shi. Ya riƙa kawo masa fenti da buroshi, yana ba shi 'yan kuɗi yana karɓar zanen. Cikin shekara uku ya tara fiye da dubu. Ya baje kolinsu a Montgomery a 1940. Da aka kai su New York a 1942, shugaban babban gidan zanen zamani na birnin ya taya kowanne dala ɗaya ko biyu. Shannon ya ji haushi, ya ce albarka, ya kwashe kayansa ya adana fiye da shekara talatin.

Ku lura da nan, jama'a. Ba don saurayin nan ba, da ruwan sama da masu shara sun gama da kwalayen. Wannan ba a musu. Amma tsohon ya rasu a 1949 da talaucinsa, an yanke masa ƙafa ɗaya, aka binne shi a kabarin da ko alama babu. Duniya ba ta waiwayo ba sai bayan wani baje koli a Washington a 1982. Daga nan farashi ya tashi, har jikokinsa suka kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, Shannon ya ba su zane goma sha biyu. Cikin dubu! A 2020 an yi gwanjon guda ɗaya a kan fiye da dala rabin miliyan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, in ji masu iya magana, ko da yake ni ban iya kiran Shannon gardi kai tsaye, domin ya riƙe amanar kayan lokacin da babu mai so.

Abin da ke damuna shi ne sunan da ake ba irin waɗannan masu zane, wai 'yan waje. Wajen ina? Traylor yana tsakiyar kasuwar unguwarsu, kowa ya san shi. Mai tarawa ne ya zo daga waje. Haka in wani ya sayi ƙyauren gingimari saboda zakin da aka zana a jiki, ya rataye a falonsa, sau nawa yake tambayar sunan mai fentin da ke tasha?

Sai a 2018 aka kafa dutse a kabarin Traylor, shekarar da gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington ya yi masa babban baje koli. Ɗan'uwa, kashe mana fitilar nan. Ga na farko: ku dubi shuɗin nan, ku dubi gefen kwalin, a yage yake, haka ya tsince shi, haka ya zana a kai.