Tarihin igwa yana kwance cikin akwatunanmu a Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ku da kuke wucewa ta gaban barikin Chindit kullum, kun san daga ina sunan nan ya fito? Daga yaƙin Bama ne. Chindit wata runduna ce da Janar Orde Wingate ya kafa don ta riƙa kutsawa can bayan sojojin Japan, kuma a 1944 bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Najeriya sun yi yaƙi a cikinta.

To a yaƙin nan akwai mutanen da wallahi ba a cika maganarsu ba, wato masu igwa da masu ɗaukar ta. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama da igwar hawan dutse mai baki inci 3.7, daji ne mai duhu ga tsaunuka, inda mota ba ta shiga sai a kwance igwar gunduwa-gunduwa, wannan ya ɗau baki wancan ya ɗau taya, a ka, ga ruwan sama ga sauro, in an isa a sake haɗa ta a harba. Kuma igwa ba baƙuwar garin nan ba ce, daga nan Zariya Kanar Morland na sojan Turawan mulkin mallaka ya tashi zuwa yaƙin Kano a Janairun 1903, da igwa aka fasa ƙofar Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi.

Waye ke adana labarin irin waɗannan mutane? A Ingila, gidan tarihin sojan igwa da ke Woolwich an rufe shi a 2016, aka kwashe kayan zuwa Larkhill, kuma masu aikin sa kai suna cikin waɗanda ke riƙe da aikin, su jera takardu, su shigar da sunaye a kwamfuta, su taya wanda ke neman labarin kakansa bincike.

Mu fa? Muna da Defo, inda ake horar da kuratan soja, tun 1924, makarantar igwa tana Kachia, akwai Arewa House, gidan adana takardun tarihi, a Kaduna, amma wani babban kaso na tarihin yana gidajen 'yan mazan jiya. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon kaka, ka buɗe ka ga littafin sallama ya yi ja, lambar yabo ta Bama an ƙulle ta cikin tsumma, hoto gara ta cinye gefensa. Abin da ke damuna shi ne ranar da aka zo rabon gado, waɗannan su ake fara cewa tarkace.

Aikin nan ba sai gwamnati ba, matasan unguwa da waya ɗaya za su iya. A nemi izinin iyalin tukun. A ɗau hoton kowane shafi gaba da baya, a rubuta lambar sojan daidai don da ita ake bin sawun mutum, suna kam ana iya samun Audu Zariya da yawa. Kar a yi wa takardar laminetin, zafin injin ɓata ta yake yi, kar kuma a goge lambar yabo da toka don ta yi ƙyalli. Sannan a zauna da gwaggo ko baffa a kunna rikoda a ce su faɗi abin da malam ya ba su labari, da sunayen abokansa da suka dawo da waɗanda aka binne a can. A ajiye kwafi wuri biyu, na asalin kuma a mayar wa masu shi.