Makarantar shari'a ta Sharoshpatak

To jama'a, abu uku zan faɗa, idan agogo ya bari. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko, wurin. Sharoshpatak ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Hangari, kuma mabiya cocin Kalbin, wani reshe na Kiristocin Furotesta, suna lissafa kafuwar kwalejinsu a can daga 1531. A 1671 aka kore su, malamai da ɗalibai suka yi shekaru suna gudun hijira kafin su dawo. Wannan lacca ce mai zaman kanta, mu wuce.

Karatun shari'a ya kankama a 1793, da zuwan wani malami, Shandor Kovi. Ku riƙe sunan nan. Kovi ya ga haddar littafi kaɗai ba ta yin lauya. Sai ya ƙirƙiro wa ɗalibansa lardi na wasa, lardin da babu shi a taswira, aka sa masa sunan wani dutse da ke kusa da garin. Yara su zaɓi shugabanninsu, su zauna majalisa, su shigar da ƙara, wannan ya tuhuma, wancan ya kare, a yanke hukunci. Babu shi a taswira fa! Amma a nan suka koyi tsayawa gaban mutane su yi gardama da hujja. Ɗaliban shari'a da ke nan, a cikinku wa ya taɓa tsayawa haka kafin jarrabawa? Kun yi shiru. To hukumar wancan zamanin ba ta ɗauke shi wasa ba, daga baya hana shi ta yi. Lardin wasa, jama'a, gwamnati guda ta ji tsoronsa.

Kuma tana da dalili. Cikin ɗaliban Kovi akwai Layosh Koshut, wanda ya zama jagoran boren 1848 kan sarautar Ostiriya. Ana ba da labarin cewa malamin ya taɓa ce masa wata rana sai ya hargitsa ƙasar. Bakin malami ke nan.

Na biyu... ko na uku nake? An murƙushe boren a 1849, Ostiriya ta ƙaƙaba sababbin sharuɗɗa, sashen shari'a ya rufe, sai a 1861 ya sake buɗewa.

(Tambaya daga zaure: Malam, yana nan har yanzu?)

Ka riga ni. Ba ya nan. Yarjejeniyar Tiriyanon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, iyaka ta dawo bakin ƙofar garin, garuruwan da ke turo ɗalibai da yawa suka koma wata ƙasa. Kuɗi ya yi ƙaranci, aka rufe sashen a 1923. Ita kwalejin, 'yan gurguzu sun karɓe ta a 1952, aka mayar wa coci a 1990. Yau ana karatun sakandare da na addini a can, na shari'a bai dawo ba.