Me Ya Sa Aka Tsallake Ni a Ƙofar Asibiti?

Jama'a, tun bayan saukowa daga Mina ƙorafin nan ke ta yawo a wayoyinmu: "Ni na riga zuwa, amma aka ɗauki wanda ya zo bayana." Wasu har cewa suke don mu baƙi ne. Na san abin da ciwo, amma ku zo mu tsaya a ƙofar nan tukuna.

A hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu. Allah Ya jiƙansu. A rana irin wannan asibiti na da shirinsa: a sallami masu sauƙi, a ɗage tiyatar da za ta iya jira, a kira ma'aikatan da ke hutu, motocin ɗaukar marasa lafiya na Hilal Ahmar, ƙungiyar agajin gaggawa ta Saudiyya, su yi ta jigila. Ga su nan kuna gani.

To, ku kalli ma'aikaciyar jinyar nan. Ba layi take bi ba, tantancewa take yi, tana ba kowa launi gwargwadon tsananin ciwonsa, kuma da wuya ta cika minti ɗaya a kan mutum. Duk mai iya takawa da ƙafarsa, kore ne, ya koma gefe. Mai rauni amma numfashinsa lafiya, rawaya. Wanda ke haki fiye da sau 30 a minti, ko aka ce ya matse hannu ya kasa, ja ne, ciki za a yi da shi nan take.

Dubi Alhajin nan, tafin ƙafarsa ya sale, yana ta faɗa. Wallahi yana jin jiki. Sai dai faɗan nasa ya nuna mata numfashi na fita, hankali na nan. Ga Hajiya kuwa a kan keken guragu, shiru, jiki zafi rau, an tambayi sunanta tana sambatu. Bugun rana ke nan, zafin jikinta na iya haura maki 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda na cikin haɗari. Ita za a fara sanyayawa. Da mahaifiyata ce, haka zan so a yi.

Launin kuma ba ya zama daram. Kore na iya komawa ja cikin rabin awa. In wanda ka kawo ya daina amsa magana, kada ka ji nauyi, tashi ka faɗa musu. Ko Larabcinka bai nuna ba, ja hannun ma'aikaci ka nuna shi.

In a tanti bugun rana ya kama wani, kira 997, lambar Hilal Ahmar, ka kai shi inuwa, ka yi ta zuba masa ruwa kana fifita kafin mota ta iso.