Lacca: Yadda ake rina gurbin da bilic ya ci a kafet

Jama'a, abu huɗu zan faɗa. Na farko, ku daina wanke wurin. Bilic ba datti ya bari ba, launin ya cinye, ko kwana za ki yi kina dirzawa, Hajiya, hannunki ne kawai zai gaji.

Na biyu, ku san zaren. Ku yanko tsinke ɗaya daga lungu ku jefa a kofin ruwa mai ɗigon sabulu. In ya nutse, mai yiwuwa nailan ne, ko ulu, kuma su biyun suna shan rinin asid, wato rinin da ke kama zare idan an sa masa ɗan asid. In ya tsaya a sama, folifirofilin ne, wani zaren roba, ba ya shan rini.

Kafin rini a kashe bilic ɗin, don ko ya bushe yana nan, danshi na taɓa shi zai farfaɗo ya cinye sabon rinin. A narka sodiyam tayosalfet, irin wanda ake cire kulorin da shi a ruwan da ake kiwon kifi a ciki, kamar ƙaramin cokali 1 a kofin ruwan ɗumi, a jiƙa wurin har ƙasa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a tsotse da farin tawul. Kada a zuba ruwan khal a kan ɗanyen bilic, iskar kulorin zai fitar, guba ce.

To ga inda nake so ku saurara, na baya can kuna ji? Kafet mai ruwan ƙasa ko toka, launi uku aka haɗa: shuɗi, ja, rawaya. Bilic ba ya cinye su lokaci guda. Yawanci shuɗi ne ke fara tafiya, sai ja, rawaya ce mai taurin kai. Saboda haka tabon da kansa yake gaya maka abin da ya ɓata. Ka gan shi ruwan lemo? Ja da rawaya suna nan, shuɗi kaɗai za ka mayar. Ka gan shi rawaya? Ja da shuɗi. Ya yi fari fat? Duka ukun, ka fara da rawaya, sai ja, ka rufe da shuɗi. Zan maimaita: abin da ya ɓata kake mayarwa. Mutum ya sayo rini ruwan ƙasa ya zuba a kan tabo mai rawaya, rawayar ta ninku, wurin ya fito da wani launi dabam, daga nan sai a ja kujera a ɗora a kai, shekara goma kujera ba ta motsa ba!

Na uku... ko na huɗu muke? Ruwan rinin ya yi zafi, wajen digiri 70, ya yi tsarara ƙwarai, da ɗan asid. A ɗiga da sirinji daga tsakiya, a shafa da cokali, a tsotse, a busar da na'urar busar da gashi kafin a yanke hukunci, don jiƙaƙƙen zare ya fi duhu. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce wahala.

Na'am, Malam? Yana tambaya in zaren bai sha rini ba fa. To sai faci. A yanke tabon da reza daga tsakanin layukan zaren, a yanko daidai girmansa daga ƙarƙashin kabad ko ragowar kafet ɗin, a duba zaren ya kwanta ɓangare ɗaya da na kewayensa, sannan a manna da tef ɗin haɗa kafet ta ƙasa. Haka ma ulun da bilic ya narkar har ya yi laushi yana zubewa, faci ne maganinsa.