Amsoshin Tambayoyinku: Farin Ƙuda a Kan Furen Hibiskus

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu sun taru, lokaci kuwa kaɗan ne. Malam, barka da zuwa, sai ka yi haƙuri in na riƙa katse ka.

Malamin gona: Barka kadai. Ai na saba da halinka.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah yana tambaya, hibiskus da ake shukawa don ado da yakuwa abu ɗaya ne?

Malamin gona: 'Yan gida ɗaya ne, su da rama. Kuɓewa da auduga ma danginsu ne, shi ya sa ƙwaron da ya kama ɗaya ba ya ƙyale sauran.

Mai gabatarwa: Madalla. To ga wadda za mu daɗe a kanta, don mutane da yawa sun aiko da irinta. Wata Hajiya ta ce: "Ina da hibiskus a tukwane. Da na taɓa reshe sai wasu fararen ƙwari su tashi kamar an watsa gari. Ganyen ya yi rawaya, yana danƙo, samansa ya yi baƙi. Na fesa magani suka ɓace, bayan mako biyu suka dawo. Ko jabu aka sayar mini?"

Malamin gona: Farin ƙuda ke nan. Sunan ƙuda kawai ya ara, ɗan uwan ƙwaron darɓa ne, tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Wanda ya fi yawo a duniya masana suna kiransa Bemisia tabaci. A shekarar 1889 aka fara bayyana shi a ƙasar Girka, a kan ganyen taba, daga nan ma sunan ya samo asali. Yau kuwa shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye a auduga da tumatir, ga cutar da ke ɓata ganyen rogo...

Mai gabatarwa: Malam, Hajiya ba ta tambayi Girka ba. Jabu ne ko ba jabu ba?

Malamin gona: Ina zuwa. Mai yiwuwa maganin ba shi da laifi. Hajiya, ki juya ganyen ki duba bayansa. Waɗanda suka tashi iyaye ne. A ƙarƙashin ganye suke yin ƙwai, cikin mako guda ko makamancin haka ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito yakan ɗan yi rarrafe, sai ya kafa baki a ganye ya zauna wuri ɗaya, a baje kamar ɓawo, yana tsotsar ruwan shuka. In ana zafi, daga ƙwai zuwa mai fiffike kamar mako 3 ne. Ke kin fesa saman ganye sau ɗaya, kin kashe iyaye, kin bar ƙwai da 'ya'ya lafiya lau. Waɗanda kika gani bayan mako biyu 'ya'yan ne suka girma.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya buɗe rediyo yanzu. Masu tashi iyaye ne, ƙwai da 'ya'ya suna bayan ganye, feshi ɗaya ba ya gamawa da su. To me za ta yi?

Malamin gona: Ta fara da hannu. Ganyen da ya cika da su ta tsinke ta ƙulle a leda, kada ta zubar a gindin shukar. Sai ta sa tiyo ta wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. Sannan feshi: man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, a lita ɗaya ta ruwa, da ɗan sabulun ruwa don man ya gauraya. Ta riƙa girgizawa, ta juya bakin abin feshin sama, daga ƙasa take feso. Wannan haɗin sai ya taɓa jikin ƙwaron yake aiki. Ta maimaita duk kwana 5 zuwa 7, sau uku ko huɗu.

Mai gabatarwa: Bayan ganye, duk kwana 5 zuwa 7, sau uku ko huɗu. Ni dai ina ganin a nan yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya fesa yau, gobe ya ga babu komai, ya rataye abin feshi. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce.

Malamin gona: Kuma da yamma ko da sassafe. In aka fesa mai ko sabulu da tsakar rana ganye ƙonewa yake. Ta fara gwadawa a ganye biyu ko uku, ta jira kwana biyu ta gani.

Mai gabatarwa: Baƙin nan fa da ta ce?

Malamin gona: Kashin ƙwaron zaƙi gare shi, shi ne danƙon. In ya zubo a kan ganyen ƙasa sai wata funfuna mai kama da kunkunniya ta fito a kai. Ba ta cin ganye, hasken rana take tare masa. In ƙwaron ya tafi, ruwa ya isa ya wanke ta. Ta kuma lura da tururuwa, don zaƙin nan suke bi, har sukan kori ƙwarin da ke cin farin ƙudan.

Mai gabatarwa: Wani matashi ya ce shi garin sabulun wanki yake kaɗawa ya fesa.

Malamin gona: Ya daina. Yana cinye kakin da ke kare ganye.

Mai gabatarwa: Ka ji ko, samari? Shuka ba riga ba ce. Wani kuma ya ce bayan ganyensa ya yi farin gashi dogo kamar gemu.

Malamin gona: Akwai babban farin ƙuda, ɗan asalin Meziko, wanda ya ɓulla a Kalifoniya ta Amurka a 1992, hibiskus ne abin sonsa. Kaki ne yake fitarwa, ba gashi ba, kuma kakin yana hana magani shiga. Ruwan tiyo ya fi yi masa aiki, kamar sau ɗaya a mako.

Mai gabatarwa: Wani Alhaji ya ce shi ba shi da lokacin wanke ganye, a faɗa masa magani mafi ƙarfi kawai.

Malamin gona: To, Alhaji, farin ƙuda ya yi ƙaurin suna wajen sabawa da magani. Mai ƙarfin kuma yana kashewa har da ƙwarin da ke taimakonka. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan farin ƙuda. Ɗaya daga ciki, Encarsia formosa, a shekarun 1920 aka fara kiwonsa a Ingila ana sakinsa a ɗakunan gilashi na rainon shuka. In ka ga 'ya'yan sun koma baƙi ko ruwan ƙasa, sau da yawa aikin irinsu ne.

Mai gabatarwa: Sunan magani ya tambaya, Malam.

Malamin gona: Akwai imidacloprid da ake zubawa a gindi, shuka ta sha. Yana aiki, amma yana kaiwa har fure, ya cuci ƙudan zuma. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a 2018. Ni ba zan zuba shi ga shukar da ke fure ba. In dole ne, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Mai gabatarwa: Alhaji, ka dai samu lokacin. Saura minti ɗaya. Tarkon takarda mai ruwan ɗorawa da danƙo, yana aiki?

Malamin gona: Yana kama iyaye, ya nuna maka sun iso, amma ba ya taɓa na bayan ganye.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wata malama ta ce ko ta ƙara takin yuriya don ganyen ya farfaɗo.

Malamin gona: Ta dakata. Yuriya da yawa tana fito da sabon ganye mai taushi, shi kuwa suka fi so.

Mai gabatarwa: To ga shi ana ɗaga mini hannu. Mai tambaya kan faɗuwar fure kafin ya buɗe, wasiƙarki na nan, da ita za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode.

Malamin gona: Ni ke da godiya. Sai dai ban gama zancen Girka ba.

Mai gabatarwa: A kashe masa makirfo. Mu kwana lafiya.