Kafin Ka Sayi Fenti da Tayil: Yadda Ake Tsara Gyaran Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganarmu da mai gida ce, wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya gyara inda yake zaune, ko gidan nasa ne na kansa, ko na gado.

Yawancinmu idan aka ce gyaran gida, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne fenti, da tayil, da silin mai fitilu kala-kala a falo. Waɗannan su ne na ƙarshe. Aikin da ido ba ya gani shi ake fara yi: rufi, hanyar ruwa, ƙasan bango, wayar wuta, bututu. Wanda ya juya wannan tsarin, sau biyu zai biya kuɗin aiki ɗaya.

Mu ɗauki misalin wani bango. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum, fentin ya kumbura ya ɓare. In ka sa yatsa, filastar sai ta zubo gari-gari, ga wani farin abu kamar gishiri ya feso a kai. Danshi ne yake tasowa daga ƙasa yana bin bulo. Ko fenti mafi tsada ka shafa a nan, damina ɗaya ta ishe shi. Wasu sai su lulluɓe wurin da tayil don kada a gani, danshin kuwa ya haura sama da tayil ɗin ya ci gaba da aikinsa. Abin yi shi ne a gano daga ina ruwan yake zuwa. Kwata ce ta toshe a bayan gida? Bututun banɗaki ne yake yoyo a cikin bango? Ko indararo ne yake zuba a gindin gini? A toshe mafarin, a kankare filastar da ta lalace, a bar bangon ya sha iska ya bushe, sannan a sake.

Akwai wata matsala da ta yi yawa a tsofaffin unguwanni na Kano da Zariya da Katsina. An zo an yi titi ko an cike lungu, hanya ta ɗaga, tsakar gida ta koma rami. Ruwan sama maimakon ya fita, sai ya shigo ta zaure. Idan gidanka haka yake, kada ka kashe ko sisi a kan daɓe ko tayil sai an auna tsayin tsakar gida da na kwatar waje. Wani lokaci dole a yi ciko, ciko kuma yana nufin ƙofofi za su gajarce, sai an ɗaga su. Ka ga aiki ɗaya ya jawo uku, kuma gara ka san haka tun a takarda.

Hanya mafi kyau ta gane gida ita ce ka zagaya shi ana tsaka da ruwa, a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama. Ka ɗauki waya ka ɗauki hoton duk inda ya ɗiga da duk inda ruwa ya kwanta. Kuma don Allah, malam, ka tambayi matan gida. Uwargida ce ta san kusurwar da take ajiye bokiti duk dare, ta san inda hayaƙin kicin yake komawa ɗaki, ta san soket ɗin da yake tartsatsi in an jona dutsen guga. Sau da yawa ana zama da magini a zaure a yanke shawarar kicin, wadda take wuni a cikinsa ba ta ma san an yi ba. Wannan kuskure ne mai tsada.

Damina ta dubawa ce, rani na aiki. A ƙasar Hausa ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya dawo wajen Mayu ko Yuni. A tsakanin nan ake yaye rufi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa sannan ya kira kafinta, da kayan ɗakinsa yake caca. Idan an yaye kwano, a duba katakon da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, domin gara tana cinye cikinsa ta bar bayan lafiya lau. Sabon katako a shafa masa maganin gara kafin a ɗora. In kuma silin ɗin gidan irin tsohon nan ne na asbestos, kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana illa ga huhu. A jiƙa shi, a cire a hankali, ma'aikata su rufe hanci da baki, yara su yi nesa.

Amma rani ma da nasa sharaɗin. Iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna tsotse ruwan siminti kafin ya kama. Shi siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da bushewa ba. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfin da ake lissafa masa. Tsagewar nan sirara-sirara da kuke gani a sabuwar filasta, sau da yawa rashin ban ruwa ne. Saboda haka ka sa kuɗin ruwa a lissafi, ko na 'yan garuwa ne ko na tanka.

Yanzu ga maganar da nake so a saurara da kunnen basira. Ana yawan rushe bangon da ke tsakanin ɗaki da falo don a sami babban falo. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi yake ɗauke da rufi ko dakin, wato kankaren da ake zubawa a sama. Da ido ba lallai ka bambance ba. Haka nan ɗora bene a kan ginin da tun farko ba a haƙa harsashinsa don bene ba. Wannan ba aikin "ai mun saba yi" ba ne, aikin injiniyan gini ne, ya zo ya duba ya rubuta girman rodi da ginshiƙin da za a sa. Kuɗinsa kaɗan ne a kan abin da za ka kashe, kuma iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashin wannan dakin ɗin. Irin wannan babban canji yana kuma bukatar izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Ka je ka tambaya tun kafin a zo a shafa maka jan fenti a bango.

Idan gidan ƙasa ne, a yi hattara da yaɓa masa siminti kai tsaye. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, ruwa yana shiga ta tsaga ya maƙale a baya, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye. A nemi maginin gargajiya wanda ya san tubali da azara, har yanzu akwai su.

Gidan gado kuwa, a zauna da magada tukuna. Wa zai biya, kuma kuɗin da ya kashe kyauta ce ko za a cire masa ranar rabo? A rubuta, a sa shaidu. Maƙwabci ma a sanar da shi, musamman in sabuwar taga za ta leƙa tsakar gidansa ko ruwan rufinka zai zuba a nasa. In za a haƙa sabon ramin masai, a nisanta shi da rijiya, taka da ta maƙwabta. Mita 30 ake so in fili ya bari.

Mu zo kan kuɗi. Ka raba lissafin gida biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Ka sa magini ya rubuta maka adadi: bulo nawa, inci 9 ko inci 6, siminti buhu nawa, yashi tifa nawa, rodi nawa kuma mai wane kauri. Kana iya gwada lissafinsa da kanka, domin bango mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya yana cin bulo kamar 10. Ka karɓi lissafin mutum biyu ko uku. Wanda ya fi kowa araha da nisa, ka tambaye shi me ya cire.

A kan jimillar, ka ware ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ka ajiye gefe. Tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin abin da ke ciki, kasuwa kuma ba ta jira. A farkon 2024 farashin buhun siminti ya kusa ninkawa cikin 'yan watanni, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Wannan ya sa wasu suke sayen siminti su jibge. Rodi da kwano da tayil suna jure ajiya, amma siminti in ya wuce kamar wata 3 yakan fara rasa ƙarfi, in ya sha danshi kuma ya daskare. In dole ne a ajiye, a ɗora shi a kan katako, nesa da bango. Bulo kuma ka je inda ake bugawa da kanka, ka kankare gefensa da ƙusa. In yana zuba kamar garin kwaki, yashi ka saya.

Wajen biyan ma'aikata, aikin jinga ya fi aikin yini sauƙin lissafi, amma mai jinga yana sauri, sai an tsaya a kansa. Ka ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, sauran a biya mataki-mataki, kowane mataki sai an gama an duba. Ka riƙe wani abu har ƙarshen aiki, kuma ranar da ka yi alkawarin biya, ka biya, domin leburan nan da kuɗin yau yake cefanen yau.

Jerin aikin shi ne rushe abin rushewa, sai gini da rufi, sai mai famfo da mai wayarin su fasa bango su binne kayansu. In kana da niyyar sa sola ko tankin sama ko da nan da shekara biyu ne, yanzu za a bar musu hanya. Kafin a rufe bututu da filasta, a sakar masa ruwa ya kwana a ga ko yana yoyo, kuma ka ɗauki hoton bangon yadda waya da bututu suka bi, don ranar da za a buga ƙusa. Bayan nan filasta, silin, tayil, ƙofofi. Fenti sai filasta ta bushe sarai, makonni ba kwanaki ba. In kuɗi sun ƙare a wannan gaɓar, ku koma ɗakunanku haka nan, damina ta wuce a kan sabon rufin ku ga inda ya ɗiga, a yi fentin da kaka.